Sauƙin amfani da manhaja: Muhawarar da ta shafe shekaru ana yi

Sauƙin amfani, a fannin ƙera manhajoji da shafukan intanet, shi ne gwargwadon yadda mutum zai iya biyan buƙatarsa da na'ura ba tare da ɓata lokaci ko faɗawa cikin kuskure ba. Hukumar ISO mai tsara ƙa'idojin inganci ta duniya ta fayyace shi a ƙa'idarta mai lamba 9241-11 ta shekarar 1998. Ta ɗora shi a kan abubuwa uku: cimma buri daidai, ƙarancin wahala da lokaci, da kuma gamsuwar mai amfani. Ta kuma gindaya sharaɗin cewa ana auna shi ne ga wasu mutane takamaimai, a wani aiki takamaimai, cikin wani yanayi takamaimai. A wannan sharaɗi ne kusan duk saɓanin masana ya samo asali, domin abin da ya zo wa akawun banki da sauƙi yana iya gagarar manomi.

Mutum biyu ne suka fi shahara a fagen. Don Norman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa littafi a 1988, wanda daga baya aka sake wa suna The Design of Everyday Things. Hujjarsa ita ce idan mutane da yawa suna maimaita kuskure iri ɗaya a kan na'ura ɗaya, to a tuhumi wanda ya tsara ta kafin a tuhumi masu amfani da ita. Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmark, ya fitar da ƙa'idoji 10 a 1994 waɗanda har yau ake koyarwa. Daga cikinsu akwai cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki, ta yi masa magana da harshen da ya sani, ta kuma bar masa ƙofar komawa baya idan ya yi kuskure.

Ba kowa ne ya amince a fifita sauƙi a kan komai ba. Douglas Engelbart, wanda ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, ya kan kafa misali da keke mai ƙafa uku: kowa na iya hawansa nan take, amma mai doguwar tafiya sai ya jure wahalar koyon keke mai ƙafa biyu. Masu wannan ra'ayi na ganin yawan sauƙaƙawa na ɗaure wa ƙwararru hannu. Su kuma ɗaya ɓangaren suna mayar da martanin cewa mafi yawan jama'a ba ƙwarewa suka zo nema ba, kuɗin makaranta suka zo biya.

Ko hanyar gwajin ma ba ta tsira daga jayayya ba. A shekarar 2000 Nielsen ya ce gwada manhaja da mutum biyar ya isa a gano kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinta. Binciken da Laura Faulkner ta wallafa a 2003 ya nuna cewa wani rukunin na mutum biyar kashi 55 kawai yake ganowa.

Muhawarar ta fi zafi a inda kuskure ya ci rai ko dukiya. Ranar 21 ga Agusta, 2017, jirgin ruwan yaƙin Amurka USS John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai Alnic MC a kusa da Singapore, inda sojojin ruwa 10 suka mutu. Kwamandan jirgin ya ba da umarnin a raba aiki ne: mutum ɗaya ya riƙe akalar jirgin, wani ya kula da gudunsa. A garin yin haka ta allon taɓawa, sai akalar ma ta koma ɗaya teburin ba tare da kowa ya lura ba, matuƙan suka zaci ta lalace. Da aka rage gudu kuwa, farfelar hagu kaɗai ta rage, jirgin ya karkata ya shiga gaban jirgin dakon man. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a rahotonta na 2019, ta ɗora alhakin a kan sakacin sa ido daga rundunar da ƙarancin horo, ta kuma soki yadda aka tsara allon. Rundunar ta sanar a shekarar cewa za ta mayar da sandunan sarrafa gudu na hannu a irin waɗannan jirage. Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja a rahoton, masu cewa horo ne ya gaza da masu cewa ƙira ce ta yaudari matuƙan.

Bankin Citibank kuma dukiya ya kusa yin asara. A watan Agustan 2020 ya yi niyyar biyan kuɗin ruwa na kimanin dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin Revlon, sai ya tura kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. Manhajar na buƙatar a cike gurbi uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, ma'aikatan suka cike ɗaya, kuma mutum uku ne suka duba aikin ba wanda ya ga aibu. Wata kotu a New York ta yanke hukunci a Fabrairun 2021 cewa masu bin bashin da suka ƙi mayarwa na iya riƙe kimanin dala miliyan 500, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Satumban 2022. Da wuya a kira kuskuren da mutum uku suka yi tarayya a kansa sakacin mutum ɗaya.

Akwai kuma wahalar da ake ƙirƙira da gangan. A 2010 Harry Brignull na Birtaniya ya fara tattara dabarun yaudara a shafukan intanet, irin su sauƙaƙa rajista da tsawaita hanyar fita, ko ɓoye maɓallin ƙin amincewa. Dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai ta 2022 ta haramta wa manyan dandamali irin wannan tsari.

A Najeriya batun ya ɗauki wata fuska. Lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, an yi ta ƙorafin cewa ɗaliban karkara da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba za su cutu. Daga baya hukumar ta ɓullo da tsarin maɓallai takwas, ta yadda ɗalibi zai zaɓi amsa, ya matsa gaba, ya koma baya, ya kuma miƙa aikinsa ba tare da linzami ba. Haka nan lambobin USSD na bankuna, duk da rashin ƙawarsu, suna aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, abin da ya sa jama'a da dama suka dogara da su a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko da yake cunkoso ya sa tura kuɗi ya riƙa maƙalewa a lokacin.

Ga mai karatu da Hausa akwai ƙarin shinge. Galibin shafukan hukumomi da manhajojin banki da Turanci suke, kuma wasu guraben cike suna ba sa karɓar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai mai suna Ɗanladi ya koma Danladi. Makafi kuwa sun dogara ne da manhajar da ke karanta musu allo, wadda ba ta iya bayyana hoto ko maɓallin da ba a rubuta masa suna ba. Ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin magance wannan tun 1999, ta kuma sabunta su a 2008 da 2018 da 2023.