Daga Ramin Kuza Zuwa Agogon Hannu: Tarihin Lissafin Ci da Gumi a Jos

Akwai tambayar da ta zama ruwan dare a bakin masu neman rage ƙiba a 'yan shekarun nan. Mutum ya fita motsa jiki, agogon hannunsa ya nuna ya ƙona kalori 400. To, ya ƙara cin abincin kalori 400 ya cike gurbin, ko ya bar shi a matsayin riba? A Jos, inda sanyin safiya ke jan mutum zuwa teburin mai shayi da zarar ya gama zagaya filin wasa na Rwang Pam, amsar ce ke raba wanda zai ga sakamako da wanda zai yi ta tufka da warwara. Kuma babu garin da ya fi dacewa a bi diddigin wannan tambaya kamarsa, domin an gina Jos ne da gumin mutanen da matsalarsu ta kasance kishiyar tamu.

Zamanin kwanon sarki

Tun daga 1902 kamfanin Niger Company ya fara turo Turawa neman tushen kuzar da ake gani a kasuwannin Arewa, kuma ba da jimawa ba suka kafa sansani a Naraguta. Zuwa 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru. Daga nan leburori suka yi ta kwarara daga Kano, Katsina, Bauci, Borno da sauran wurare, suka haɗu da Birom da Anaguta da Afizere da suka tarar a ƙasarsu.

Aikin kuza na wancan lokaci aikin ƙarfin tuwo ne. Masu diga su fasa ƙasa, masu shebur su loda, sannan jerin maza da mata su ɗauki kwanon sarki cike da jiƙaƙƙen yumɓu a ka, su hau gangaren rami su juye, su sauko su sake ɗauka, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Wanda ke irin wannan aiki ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan bai mayar da abin da aiki ya cinye ba, cikin 'yan makonni haƙarƙarinsa zai fito.

An ga hakan ƙarara a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas a ma'adinan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebo mutane kimanin 100,000 daga lardunan Arewa. Hatsi ya yi tsada, abinci ya yi ƙaranci, ga sanyin tsauni da mutanen ƙasar zafi ba su saba da shi ba. Da yawa suka gudu, wasu cuta ta kwantar da su, wasu suka rasu. Masanin tarihi Bill Freund ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya. A wancan zamani, mayar da abin da jiki ya ƙona magana ce ta rai da mutuwa.

Yadda aka fara auna abinci da lamba

Ilimin kalori kansa daga irin wannan damuwa ya taso. A ƙarshen ƙarni na 18, Antoine Lavoisier na Faransa ya nuna cewa jiki yana ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, kuma mai aiki ya fi mai hutawa ƙonawa. A shekarun 1890, Wilbur Atwater a Amurka ya gina wani ɗaki na musamman da ake rufe mutum a ciki ana auna zafin da jikinsa ke fitarwa. Daga aikinsa aka samo ƙa'idar da har yau ake bugawa a jikin kwalin biskit: giram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4, na furotin 4, na mai 9. Babban abin da ya dami Atwater shi ne yadda ma'aikaci mai ƙaramin albashi zai sayi abincin da zai riƙe shi a bakin aiki.

Haka abin ya kasance da ilimin ya iso ƙasarmu. Likita W. E. McCulloch ya wallafa bincike kan abincin Hausawa da Fulanin gida a 1929 zuwa 1930, sannan B. M. Nicol ya fitar da nasa a 1959 kan yawan kalorin da manoman karkara na Najeriya ke bukata. Tambayarsu guda ce: shin abin da mutanen nan ke ci ya kai nauyin aikin da suke yi?

Lokacin da lissafi ya juya

A ƙasashen da abinci ya wadata, sai aka juya wa lissafin fuska. A 1918 wata likita a Amurka, Lulu Hunt Peters, ta fitar da littafin da ya koya wa jama'a ƙirga kalori don su rame. A 1958 Max Wishnofsky ya kawo ƙiyasin cewa rage kalori 3,500 daidai yake da zubar da kitse kusan rabin kilo, wato kimanin 7,700 a kowane kilo. Sauƙin wannan lissafi ya sa mutane suka ɗauka jiki yana bin tarawa da ɗebewa sak, babu ragi babu ƙari.

Jos ma ta sauya a tsakanin nan. Ta zama hedikwatar Jihar Binuwai da Filato a 1967, sannan ta Jihar Filato a 1976. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan ramuka suka koma tafkuna. Jikokin masu ɗaukar kwanon sarki suka zama ma'aikatan sakatariya, malamai, direbobi da masu shaguna a Taminus da Farin Gada. Tafiyar ƙafa ta ragu, acaɓa da Keke Napep suka karɓi aikinta. A kwanon abinci kuwa, gwate da tuwon acca suka samu abokan zama: farin burodi, taliyar leda, soyayyen dankalin Turawa da lemon kwalba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, alhali kashi 12 na fama da rama. Hawan jini da ciwon suga suka shiga gidajen da ba a san su ba a da.

Sai na'ura ta shigo. A 1965 wani kamfanin Japan ya fitar da ma'aunin taku da ya tallata da lambar taku 10,000, lambar da daga talla ta samo asali. Manhajar MyFitnessPal ta fito a 2005, kamfanin Fitbit ya fara sayar da na'urarsa a 2009, kuma yau agogon da ke ƙirga taku da bugun zuciya yana nan a shagunan waya na titin Ahmadu Bello. Yawancin waɗannan manhajoji suna da tsari ɗaya: su yanke maka kason abincin yini, in ka motsa jiki su ƙara maka abin da suka ce ka ƙona. A nan ne aka haifi tambayarmu. An ɗauki ƙa'idar da ta dace da leburan rami, aka miƙa ta ga mai zaman ofis.

Abin da bincike ya bankaɗo

Ɗaya daga cikin bincike-binciken da suka fara girgiza tsohon lissafi da matan Najeriya aka yi shi. Amy Luke da abokan aikinta na Jami'ar Loyola sun kwatanta mata 149 na karkarar kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata 172 na yankin Chicago, sakamakon ya fito a 2008. Matsakaicin nauyin 'yan Najeriyar kimanin kilo 58 ne, na Amurkawan kimanin 83. Kowa zai zaci ɗibar ruwa da daka da noma ne suka raba su. Amma da aka yi la'akari da girman jiki, abin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa ta hanyar motsi bai bambanta sosai ba. Masu binciken suka karkata ga cewa bambancin yana cikin kwanon abinci.

A 2012 Herman Pontzer ya samu makamancin haka a wurin mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu doguwar tafiya kullum, amma abin da jikinsu ke ƙonawa a yini ya yi kusa da na mazauna biranen Turai da Amurka. A 2021 wani nazari kan mutane 1,754 ya ƙiyasta cewa jiki yana rama kimanin kashi 28 cikin 100 na abin da motsi ya ƙona, ta hanyar rage kashewa a wasu ayyukansa na ciki, kuma a wurin masu ƙiba sosai ramuwar kan kusanci rabi. Su kansu agogunan, Jami'ar Stanford ta gwada guda 7 a jikin mutum 60 a 2017. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai, amma wajen kalori wanda ya fi ƙoƙari ya kuskure da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93.

Mu sauko da lissafin ƙasa. Magidanci mai kilo 80 ya yi tattakin kilomita 5 a hanyar Rayfield cikin awa guda. Agogo zai nuna masa kalori 300 ko fiye. A ciki akwai kimanin 80 da zai ƙona ko da yana kishingiɗe a falo, sannan jiki zai rama wani kaso daga saura. Abin da ya rage bai kai 200 ba. Yanzu ya zauna a bencin mai shayi: suga cokali uku, madara ta sauya launin kofi, rabin burodi an tsaga an shafe da bota, ƙwai biyu na iyo a cikin mai a kasko. Cokalin mai ɗaya babba kaɗai kimanin kalori 120 ne, lemon kwalba mai rabin lita kuwa ya haura 200. Kafin ya tashi daga bencin ya mayar da abin da ya ƙona ninki biyu ko uku, yana kuma jin ya cancanta domin ya yi gumi.

To, a mayar ko kada a mayar?

Tarihin nan ya raba mutane gida biyu. Akwai waɗanda har yau suke kan tsohuwar ƙa'ida: matasan da ke shiga ramin loto neman kuza a Barikin Ladi da Bukuru, masu noman dankali a Bokkos da Mangu lokacin huɗa, masu dako a kasuwa, da 'yan tseren dogon zango na Pankshin waɗanda suka sa sunan Filato ya yi fice a gasannin ƙasa. Waɗannan dole su ci gwargwadon aikinsu. Kwamitin Olamfik na Duniya ya yi gargaɗi a 2014 cewa ɗan wasan da cinsa bai kai atisayensa ba yana jawo wa kansa raunin ƙashi, yawan rashin lafiya, da ɗaukewar al'ada ga mata.

Amma mai aikin zama da ke tattaki ko sassarfa na minti 30 zuwa awa ɗaya don rage tumbi, kada ya ƙara loma saboda lambar agogo. Ya ci abincinsa na kullum a lokacinsa, ya sha ruwa, ya cika kwano da kabeji da karas da koren wake da Allah ya hore wa Filato, ya haɗa da wake, kifi ko ƙwai don su riƙe ciki. Ranar da ya yi aiki mai tsawo, kamar hawan duwatsun Shere na sa'o'i, ya mayar da abin da bai wuce rabin lambar ba. Alƙalinsa shi ne sikeli da igiyar awon ƙugu bayan makonni uku ko huɗu. Raguwar kimanin rabin kilo a mako ta wadatar. Idan jiri, kasala, rashin barci ko saurin ramewa suka bayyana, jiki na neman ƙari, a ba shi. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin ciwon suga su ga likita kafin su rage ci.

Wannan duka ba ya rage darajar motsa jiki ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako ga babba, domin yana saukar da hawan jini, yana daidaita suga, yana ƙarfafa zuciya da tsoka, yana kuma taimaka wa wanda ya rage nauyi kada ya koma gidan jiya. Don haka, mai karatu, ka ci gaba da fita kowace safiya saboda lafiyarka. Rage ƙiba kuwa, ka neme shi a kwanon abincinka.