Daga Ƙuri'a zuwa Hujja: Majalisun Unguwa da Lasisin Giya a Sikotilan

A shekarar 1920 mutanen garuruwa da unguwanni da dama a Sikotilan sun fita jefa ƙuri'a, ba don zaɓen shugaba ba, sai don yanke hukunci a kan mashayun yankinsu: a bar su yadda suke, a rage yawansu, ko a rufe su ɗungurungum. Wata doka ta 1913 ce ta ba su wannan dama. Idan kashi 10 cikin ɗari na masu zaɓe suka sa hannu, dole a kira ƙuri'a, amma ba a rufe mashayu sai masu son haka sun kai kashi 55 na waɗanda suka jefa, kuma kashi 35 na duk masu rajista. Yawancin wurare sun zaɓi a bar abin yadda yake. Garin Wick kuwa, can arewa mai nisa, ya zauna babu mashaya daga 1922 zuwa 1947, Kirkintilloch da ke kusa da Gilasgo kuma ya daure har ƙarshen shekarun 1960. Tun da aka soke wannan ƙuri'a mazaunin unguwa bai ƙara riƙe iko kai tsaye irin wannan ba. Masu kukan cewa an raba jama'a da ta-cewa suna da gaskiya rabi. A ganina ikon bai ɓace ba, wurin zama ya sauya, kuma yawancin majalisun unguwa har yau tsohuwar ƙofa suke ƙwanƙwasawa.

Su kansu majalisun an haife su ne don rage raɗaɗi. Bayan rahoton kwamitin Wheatley na 1969, dokar ƙananan hukumomi ta 1973 ta rushe ƙananan majalisun garuruwa masu daɗaɗɗen tarihi, ta haɗe su cikin manyan hukumomi daga 1975. Don kada mutane su ga mulki ya yi musu nisa, sai aka tanadi majalisar unguwa, aikinta ta binciko ra'ayin jama'arta, ta tattara, ta kai wa hukuma. Ba ta karɓar haraji, ba ta zartar da komai, mambobinta 'yan sa-kai ne, ɗan tallafin da take samu da ƙyar yake wuce kuɗin ɗakin taro da takardu. Akwai kusan 1,200 irinsu a faɗin ƙananan hukumomi 32. Sai dokar lasisi ta 1976, wadda ta biyo bayan rahoton Clayson, ta soke waccan ƙuri'a, ta maye tsofaffin kotunan lasisi da hukumomin da kansiloli ke zama a cikinsu, ta kuma sa majalisar unguwa cikin 'yan kaɗan ɗin da aka yarda su ƙalubalanci neman lasisi. An karɓe ƙuri'a, an ba da bakin magana. Shekara talatin da suka biyo baya sun koya wa majalisun ɗabi'a guda: a jira sanarwa ta zo, a rubuta takardar ƙin amincewa.

Wannan ɗabi'a ce sabuwar dokar lasisi ta 2005 ta mayar mara amfani, ko da yake a fuska kamar ƙarfafa ta aka yi. Dokar ta fito daga rahoton kwamitin alƙali Gordon Nicholson na 2003, ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Satumba 2009. Ta ce kowa ma yana iya ƙalubalantar neman lasisi, ta kuma wajabta wa hukumar lasisi sanar da majalisar unguwa duk sabon nema a yankinta. Amma ta ɗaure komai da manufofi biyar: hana laifi da hargitsi, tsare lafiyar jama'a daga haɗari, hana damun makwabta, kare lafiyar al'umma da inganta ta, da kare yara daga cutarwa. Idan babu ɗaya daga cikin dalilan ƙi da doka ta lissafa, hukuma ba ta da zaɓi sai ta bayar. "Ba ma so" ba dalili ba ne, ko mutum ɗari ne suka sa hannu. Wa'adin amsawa kwana 21 ne, alhali galibin majalisun sau ɗaya suke zama a wata. Makwabtan da dole a aika wa sanarwa su ne na cikin mita huɗu kacal daga wurin. Ranar sauraro mai nema yakan zo da lauya wanda wannan ce sana'arsa, yana kuma da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu, abin da kowane kansila da ke zaune ya sani. Hukuncin babbar kotun ƙasar a shari'ar kamfanin Brightcrew da hukumar lasisi ta Gilasgo a 2011 ya ƙara jan kunnen hukumomin cewa hurumin da aka ba su na sayar da giya ne, ba gyaran duk abin da ya dame su ba. Ɗan sa-kai da ya shiga wannan zaure da ɓacin rai kawai, an riga an kayar da shi tun kafin ya buɗe baki.

Inda ake cin nasara ko a sha kaye shi ne takardar manufa. Dokar ta tilasta wa kowace hukuma ta wallafa bayanin yadda za ta riƙa yanke hukunci: ƙarfe nawa za a rufe, wane sharaɗi za a gindaya wa masu shan waje, yaushe yara za su iya shiga, sannan mafi muhimmanci, ko akwai yankin da wuraren sayar da giya suka yi yawa fiye da kima. Da zarar an ayyana yanki haka, nauyin hujja ya juya. Mai nema ne zai nuna dalilin da za a yi masa togiya, ba mazauna ne za su nuna dalilin hana shi ba. Hukumar West Dunbartonshire ta nuna hanya a 2010, lokacin da ta haɗa alƙaluman asibiti da na 'yan sanda ta ayyana mafi yawan yankunanta a matsayin waɗanda suka cika. Gyaran doka na 2015 ya ba da damar a ɗauki ɗaukacin yankin hukuma a matsayin wuri guda, ya kuma ɗaura sabunta manufar da zaɓen kansiloli, cikin wata 18 bayansa, shi ya sa aka ga sababbi a Nuwamban 2018 da Nuwamban 2023. Ga abin ban haushi: doka ta ambaci majalisar unguwa da suna a ƙofar neman lasisi, inda ƙarfinta kaɗan ne, amma a ƙofar manufa sai ta ambaci dandalin lasisi na yanki mai ba hukuma shawara, da hukumar lafiya da masu wakiltar mazauna a dunƙule. Ba abin mamaki ba ne majalisun suka bi inda aka kira su da suna.

Kuma a wannan mataki ne suke da abin da wani ba shi da shi. Hukumar lafiya tana da adadin waɗanda aka kwantar, 'yan sanda suna da adadin kiran da aka yi musu, amma alƙaluman nan ba sa faɗin wane lungu ne mata ke kauce wa da daddare, ko wane shago ne manya ke saya wa 'yan makaranta. Kusan kashi uku cikin huɗu na giyar da ake sayarwa a ƙasar daga shaguna take fita, a gida ake shan ta, don haka cutarwarta ba ta ihu a titi kamar ta mashaya. Sai wanda ke zaune a wurin ne zai iya danganta kwalaben da ke filin wasan yara da shagon da ke bakin hanya. Amma sai an rubuta abin da aka gani da rana da wuri, an rataya shi a kan ɗaya daga cikin manufofin nan biyar, kafin ya zama hujja.

Masu sana'ar giya sukan ce majalisun ba sa wakiltar kowa. Suna da hujja: kujeru da yawa ana samunsu ba hamayya, dattawa 'yan fansho sun fi yawa, kuma unguwannin talakawa, inda giya ta fi yin ɓarna, su ne suka fi rasa majalisa mai aiki. Sai dai wannan suka ta fi kama takardar ƙin amincewa, wadda mutum biyar za su iya tsarawa a dare ɗaya da sunan unguwa. Tuntuɓar manufa tana ɗaukar makonni, an san lokacinta tun shekaru kafin ta zo, saboda haka akwai sararin zagayawa gida-gida, a ji matasa, a ji mai mashayar ma, wanda shi kansa ɗan unguwa ne kuma sau da yawa ya fi kowa jin zafin babban kanti mai araha. Majalisar da ta kawo amsar mutum ɗari biyu ba a tambayar ta wa take wakilta.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wai duk wannan wasan yara ne idan aka kwatanta da matakin ƙasa. Mafi ƙarancin farashi da aka sa a kan kowane ma'aunin barasa, rabin fam daga 1 ga Mayu 2018, sannan fene 65 daga ƙarshen Satumban 2024, ya taɓa kowane shago lokaci guda, kuma duk da haka mutum 1,277 suka mutu a 2023 ta dalilin giya kai tsaye. Me majalisar unguwa za ta ƙara? Na yarda ba za ta sauke wannan adadi ita kaɗai ba, kuma ayyana yanki a matsayin cikakke ba ya rufe ko shago ɗaya da ke nan, sabo kawai yake tarewa. Amma farashi ba ya faɗin inda za a buɗe shago na gaba ko ƙarfe nawa kiɗa zai tsaya, kuma lasisin wuri a ƙarƙashin dokar 2005 ba shi da ranar ƙarewa, ba kamar na da ba da ake sabuntawa duk shekara uku. Kuskuren da aka yi yau zai iya wuce wanda ya yi shi. Zaɓen kansiloli na gaba yana Mayun 2027, manufofi sababbi kuma za su fito kafin ƙarshen 2028. Kujerun mazauna a dandalin lasisi, wanda doka ta ce ya zauna aƙalla sau huɗu a shekara kuma dole hukuma ta ba shi dalili idan ta ƙi shawararsa, a buɗe suke tun yanzu.