Jan launi da kyamara: tsohuwar gaba ce

Da wuya ka samu mai ɗaukar hoto, na fim ko na biki, wanda jan launi bai taɓa kunyata shi ba. Mai karatu, je ka gonar yakuwa a wajajen Batsari ko Safana da kaka, lokacin da zoɓo ya nuna ya yi jawur, ko ka tsaya gindin gurjiya da hunturu, sa'adda ta kakkaɓe ganye ta bar jajayen furanni zalla a reshe. Idonka na ganin kowace jijiya da kowace lanƙwasa a jikin furen. To ɗaga kyamarar dijital ka danna. Abin da zai fito maka wani jan curi ne kamar an ɗiga fenti, ba jijiya ba inuwa, wani lokacin ma ya rikiɗe ya koma ruwan goro ko ruwan hoda. Nan take sai mutum ya ce ai kyamarar ce jabu. Ba jabu ba ce. Rigimar ja da kyamara ta girmi kakanninmu.

A ƙarni na 19, sinadarin azurfa da ake shafa wa gilashi don ɗaukar hoto shuɗin haske kaɗai yake ji sosai. Ja kuwa, a wurinsa, da shi da duhu duk ɗaya ne. A 1873 wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya gano cewa idan aka zuba wa sinadarin wani irin rini zai fara ganin kore da rawaya, amma ja ya ci gaba da gagara. Sai a 1906 kamfanin Wratten & Wainwright na Ingila ya fara sayar da gilashin da ke ganin dukkan launuka. Shi ma bai karɓu nan da nan ba, domin ga tsada, ga shi dole a wanke shi cikin duhu ƙirin.

Yanzu duba lissafin. Turawa sun ci Kano da Katsina a 1903, wato shekara uku kafin wancan gilashi ya shiga kasuwa. Mu kuwa mutane ne da adonmu na sarauta ja ya yi masa yawa: rawanin dogarai da rigunansu masu ja da kore, jar dara, mulufi, kayan doki, da jar fatar akuya da dukawa ke rinawa da karan dafi. Duk abin nan, idan aka ɗauke shi da tsohon gilashi, baƙi yake fitowa. Saboda haka ɗalibin tarihi ko mai shirya fim ɗin gargajiya da ya samu hoton fada na farkon zamanin Turawa, ya ga dogari da baƙin rawani, to ya yi hattara kafin ya aika tela kasuwa. Wannan makantar ce kuma ta sa tsofaffin masu hoto na garuruwanmu ke kunna jan ƙwai a ɗakin wankin hoto: su suna gani, takardar hoton baƙi-da-fari ba ta gani.

Da bidiyo ya zo sai cutar ta sauya kama. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma a kansa aka gina sana'ar fim ɗin Hausa tun daga "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990. Shi VHS raba hoto yake gida biyu, haske daban, launi daban. Haske na samun layi kusan 240, launi kuwa ko hamsin bai kai ba. Wato kamar a yi zane da siririn alƙalami ne, sannan a ba yaro tsumma ya shafa kala a kai. A yawancin launuka ido ba ya kama wannan ha'incin, domin siririn zanen na riƙe da hoton. Amma ja mai ƙarfi haskensa kaɗan ne, kusan duk bayaninsa na cikin rabon tsumman. Shi ya sa yake malala.

Kowa ya tuna yadda abin ya kasance bayan "Sangaya" ya yi kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000, waƙa da rawa suka mamaye finafinai. Furodusa zai kashe kuɗi ya ɗinka wa jaruma jan leshi, darakta ya nemi lambu mai furanni, a yini ana ɗaukar waƙa ɗaya. In kaset ya fito, sai ka ga jan gyale ya tsallako ya hau kuncinta, furannin bayanta sun zama wani jan hayaƙi mai rawa shi kaɗai. Ga kuma kwafe-kwafe: daga masta zuwa kwafi, daga kwafi zuwa na 'yan satar fasaha, kafin kaset ya bar Ƙofar Wambai ya isa shagon haya a ƙauye, jan ya gama narkewa. An sha zagin masu kyamara a kan laifin da ba nasu ba. Su ma dai, a gaskiya, da yawansu ba su damu su gwada sutura a gaban kyamara kafin ranar lokeshin ba.

Aka ce dijital zai raba gardama. A 1975 wani injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai ɗigo dubu goma kacal, baƙi-da-fari. Shekara ɗaya bayan haka abokin aikinsa Bryce Bayer ya yi rajistar dabarar da har gobe yawancin kyamarori da wayoyi ke amfani da ita. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ya sanin launi, sai aka lulluɓe shi da 'yan mitsi-mitsin tagogi masu kala: a kowane huɗu, biyu kore, ɗaya shuɗi, ɗaya ja. To ka ga idan fure ja ne tsantsa, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigogin ne ke aikin kirki, sauran kintace kwamfutar ciki ke yi.

Babbar matsalar ma a wajen awon haske take. Ma'aunin kyamara kore ya fi ba muhimmanci, kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi 11. Da ya kalli jan fure sai ya ɗauka wurin da duhu, ya ƙara buɗe ido. A hoto na yau da kullum kowane launi na da mataki daga 0 zuwa 255. Ja sai ya cika mudu ya tsaya a 255, a tsakiyar furen da gefensa duk lamba ɗaya, jijiyoyi su ɓace. Kore da shuɗi kuwa na da sauran wuri, suna ta hawa, shi ne launin ke karkata zuwa ruwan goro ko ruwan hoda. Abin da ya zube daga mudun nan ba ya dawowa, ko wane gwanin edita ne. Sannan tsarin JPEG na 1992 da faifan VCD duk sun gaji halin VHS na tauye wa launi rabo. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, launinsa kuwa rabin haka ta kowane ɓangare.

Masu hoto sun daɗe da gano dabarun zama da shi. Ka rage hasken kyamara da hannunka mataki ɗaya ko ƙasa da haka. Ka guji ranar tsaka, ka ɗauka da sassafe ko a inuwa. Ka daidaita farin kyamara da farar takarda a wurin da za ka yi aikin, in kuma tana da tsarin RAW ka ɗauka da shi.

Wayoyin yanzu sun rage abin, domin hotuna da yawa suke ɗauka a danna ɗaya su haɗe su. Sai dai suna da nasu son zuciyar: ƙara wa kala armashi suke don hoto ya burge. Manomin Safana da ya shanya zoɓonsa ya ɗauka ya tura wa dillali ta WhatsApp, manhajar za ta sake matse hoton ta tauye launin. Zoɓon nan har Meziko ake kai shi, kuma duhun jansa na cikin abin da mai saye ke dubawa kafin ya yi tayi. Dillalin da ya san aikinsa ba ya sallamawa a kan hoto, sai an aiko masa da samfur a leda.