Katin awon da na tsinta a akwatin Inna, da ƙungiyar likitocin yara

Ran Asabar ɗin da ta wuce muna gyaran ɗakin Inna sai na ci karo da katin awona na jarirantaka, ya yi ja, gefensa duk ya cinye. An ɗiɗɗiga nauyina wata-wata, layin yana hawa, sai a wani wuri ya sunkuyo ƙasa. Na tambaye ta, ta ce lokacin ne na yi ƙyanda, har an fara cire rai da ni. Tun ranar nake ta tunanin mutanen da suka sa wannan kati ya zo hannunta, don mu dai asibiti kawai muke gani, waɗanda suka tsara aikin ba ma ko tambayar sunansu.

Katin nan a Nijeriya aka haife shi. Wani likitan yara Bature, David Morley, ya zo Ilesha a 1956, ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile. Can ya lura yaran da ke mutuwa ba wata baƙuwar cuta ke kashe su ba, ƙyanda ce da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Sai ya buɗe asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, ya damƙa yawancin aikin a hannun ma'aikatan jinya, ya kuma fito da katin da uwa za ta riƙe a gida ta ga girman ɗanta da idonta. Daga wannan ƙauye tsarin ya bazu duniya. Kafin shi ma, a Ghana, Cicely Williams ce ta bayyana wa likitocin duniya cutar kwashoko a shekarun 1930, sunan ma daga harshen Ga ta ɗauko shi. Wato Afirka ta Yamma ba 'yar kallo ba ce a tarihin likitancin yara.

Da 'yan ƙasa suka fara karɓar aikin, a ƙarshen shekarun 1960, ƙasar na cikin yaƙin basasa, likitocin yara na Nijeriya suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu, wadda ake kira PAN a taƙaice. A lokacin 'yan kaɗan ne, mafi yawansu a Ibadan da Legas. Suka riƙa taro duk shekara, a 1974 suka fara fitar da mujallar bincikensu. A 1976 kuma aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, da sashen yara a cikinta. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne: yanzu likita zai iya ƙwarewa a Zariya ko Kano ko Akara ba sai ya je Ingila ba, kuma a kan cututtukan da zai tarar a ɗakin kwanciyar yaranmu zai ƙware, ba na yaran Landan ba.

Mu 'yan Arewa muna da namu a wannan zuri'a, amma da yawa ba mu sani ba. Marigayi Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, likitan yara ne. Mun fi tuna shi da kujerar jami'a da ta Ministan Harkokin Waje, sana'arsa ta asali kuwa mun mance.

Wanda ya fi kowa barin tambari dai shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, yayan Fela mawaƙi. Ya koyar da likitancin yara a Legas, Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya a 1985, ya zauna har 1992. Ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati nan ne abin ya fi burge ni. Mun saba minista ya zo ya gina katafaren asibiti a sa sunansa a allo. Shi kuwa sai ya karkata ga ƙaramin asibitin ƙauye, da rigakafi, da shayar da nonon uwa, da ruwan gishiri da sukari. Duk wanda ya girma a wancan zamani ya tuna yadda rediyo ke koya wa iyaye mata haɗa wannan ruwa. Cokali da kwalba kawai, amma Allah kaɗai Ya san yawan yaran da gudawa ta saki saboda shi. Bayan tafiyarsa rigakafin ya sukurkuce a shekarun 1990, abin da ke nuna aikin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya fiye da kima.

Sannan aka shiga shekarun da yarda ta karye. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. Don haka da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba daga sama zargin ya faɗo ba. An dawo da shi a 2004, amma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya da matan da ke bi gida-gida suka haɗa hannu, kafin a watan Agusta na 2020 a ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Ita ƙungiyar, yawancin aikinta ba ya fitowa a labarai. Misali a 2012 ta fitar da jadawalin rigakafin da take ganin ya dace da yaran Nijeriya, har da alluran da gwamnati ba ta fara bayarwa ba tukuna. A hankali suka shigo: na ciwon huhu daga 2014, na gudawar rota a 2022. A ƙarshen 2024 kuma aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa. Ba ita kaɗai ta yi ba, amma wanda ya san yadda takarda ke kwana a ofis ya san sai da mai naci a bayanta take motsi.

To ina aka kwana? Binciken lafiya na ƙasa na 1990 ya nuna kusan yara 190 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar. Na 2018 ya ce 132. An ci gaba, ba musu. Amma a wannan binciken na 2018, Arewa maso Yamma tana da 187, Kudu maso Yamma 62. Ku sake duba alƙaluman nan. A 2018 mu muna tsaye ne kusan inda ƙasar take kusan shekara talatin kafin nan. Ga gubar dalma ta Zamfara a 2010 da ta kashe yara sama da 400, ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, cutar da allurarta ta daɗe kyauta a asibitin unguwa.

Ƙorafina ga ƙungiyar ɗaya ne: maganarta da Turanci take, a zauren taro, uwar da ke Bagudo ko Gumel kuwa rediyo take saurare. Ƙorafina ga gwamnatocinmu ya fi haka yawa. Bara na kwana uku da ƙaramar 'yata a wani asibitin gwamnati, yara biyu-biyu a gado, likita ɗaya tal ke zagaye da dare. Da muka ɗan taɓa hira ya ce min yawancin waɗanda suka yi horo tare sun tafi Saudiyya ko Ingila, shi ma yana haɗa takardunsa. Wallahi ban iya ce masa ya zauna ba.

Da na koma gida na ɗauko katin ita yarinyar na ajiye kusa da nawa. Nata ya fi yawan layukan allura nesa ba kusa ba, sai dai na tarar akwai guda biyu da ba a cike ba, kuma laifina ne. Litinin da safe za mu je.