Daga Tamale zuwa bakin teku: abin da iyali za su tarar a hanyar gaɓar Ghana

Babbar hanyar gaɓar tekun Ghana, wadda hukuma ke kira N1, ta tashi ne daga Elubo a kan iyakar Kwaddebuwa ta ƙare a Aflao a kan iyakar Togo, tsawon kimanin kilomita 540. Yanki ce ta hanyar da ta haɗa Abijan da Legas. Ga mazauna Tamale, da 'yan'uwansu da ke shigowa daga Nijar ko Burkina Faso ta Paga, ɓangaren da ya fi jan hankali shi ne wanda ke tsakanin Accra da Axim, inda hanyar ke ratsa garuruwan masunta da kurmin kwakwa da tsofaffin gidajen ganuwar da Turawa suka gina. Sai dai kafin a ga teku, akwai tafiyar kusan kilomita 600 daga Tamale, kuma a nan ne mafi yawan haɗarin yake.

Saukowa daga arewa

Hanyar N10 ce ke fita daga Tamale ta yi kudu. Tana haye Farin Volta a Yapei, da Baƙin Volta a Buipe, ta wuce Kintampo da Techiman ta shiga Kumasi bayan kimanin kilomita 380. Motar gida takan cinye sa'o'i 6 zuwa 7, in an haɗa da tsayawar salla da cin abinci. Daga Kumasi hanyar N8 ce ke gangarawa ta Assin Fosu ta haɗu da hanyar gaɓa a mahaɗar Yamoransa, gab da Cape Coast.

Mai iyali da ya ce zai haɗa wannan tafiya a yini guda yana wasa da rayukan da ke bayansa. Hanyar ba tagwaye ba ce a mafi yawan tsawonta, kuma ita ce manyan motocin Burkina Faso da Mali da Nijar ke bi zuwa tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi. A watan Fabrairun 2016 wata bas mai zuwa Tamale ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutane fiye da 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 bas biyu suka yi taho-mu-gama a tsakanin Kintampo da Techiman, aka sake rasa fiye da 50. Duka biyun cikin duhu suka faru. Abin da ya fi shi ne a tashi bayan sallar asuba, a kwana a Kumasi, inda masauki ba ya wuya a unguwannin Aboabo da Asawase ko tsohon Zongo, washegari a ƙarasa da rana tsaka. Tafiyar ta wuce nisan da ake yin ƙasaru a kansa.

Tsohuwar hanya ce

Wanda ya bi wannan layi yana bin sawun kakanni ne, ko ya sani ko bai sani ba. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma kasuwar Salaga, wadda ke kudu maso gabas da Tamale, ita ce matattararsu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Accra, suka ƙara wa zangunan kudu ƙarfi.

Ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba. Kasuwar bayi ce, kuma Hausawa sun kasance a ɓangarorin biyu, cikin masu saye da sayarwa da kuma cikin waɗanda aka sayar. Masarautar Dagbon, wadda Tamale ke cikinta, ta riƙa biyan Asante haraji da mutane tun ƙarni na 18. A zamanin da jiragen Turawa ke lodi, ana koro kamammu daga arewa a ƙasa har zuwa gaɓa. A Assin Manso, kan hanyar N8, akwai rafin da ake cewa nan ne ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su ga masu saye. A 1998 an dawo da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Tsayawar sa'a guda ta isa, kuma tana shirya yara ga abin da za su gani a gaba.

Cape Coast da Elmina

Nan ne cibiyar tafiyar, kuma ya kamata a ba ta kwana biyu. Gidan ganuwa na Cape Coast ya samo asali ne daga ginin da mutanen Suwidin suka yi a 1653, kafin ya faɗa hannun Ingila a shekarun 1660. Garin ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka har 1877, lokacin da aka mayar da ita Accra. Mai rakiya yana shigar da baƙi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare ɗaruruwan mutane cikin duhu da zafi, ya nuna musu ɗakin ibadar da Turawa suka yi daidai saman kurkukun maza, sannan ya kai su ƙofar da ke buɗewa ga teku, wadda in an fita ta cikinta ba a dawowa. Shugaban Amurka Barack Obama ya kai iyalinsa wurin a watan Yulin 2009. Ƙananan yara kan firgita a ɗakunan ƙasa. Gara wani babba ya zauna da su a farfajiya.

Elmina tana yamma da kimanin kilomita 12. Mutanen Fotugal suka gina nata gidan a 1482, Holan ta ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya tsibiran Seychelles. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979. Daga kan tudun da ke fuskantar gidan ana hango bakin kogin Benya cike da kwalekwalen masunta masu fenti kala-kala, kuma da sassafe, lokacin da ake sauke kifi, babu wurin da ya kai shi armashi a duk gaɓar. Ranar Talata dai masunta ba sa shiga teku, al'ada ce da ta daɗe, don haka wanda ya zo ranar zai tarar da kwalekwale a ɗaure.

Akwai wani zaren da ya ɗaure Hausawa da wannan yanki. Sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ɓangaren Ingila, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gama aikin soja ba su koma gida ba. Su da fatake suka kafa zangunan gaɓa. Shi ya sa baƙo daga Tamale ko Maraɗi zai samu masallaci da mai jin Hausa a kewayen kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast ba tare da dogon cigiya ba.

Kimanin kilomita 30 arewa da garin akwai gandun dajin Kakum, mai gadojin igiya 7 da aka rataya tsakanin dogayen bishiyoyi, tsawonsu duka kusan mita 350. An buɗe su a 1995. Mai jin jiri in ya hau sama ya haƙura, gadar tana lilo. Kuɗin shiga Kakum da gidajen ganuwa ya bambanta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, saboda haka a riƙe katin shaida.

Yamma ko gabas

Daga Cape Coast zuwa Takoradi bai kai kilomita 80 ba. Bayan ta akwai Busua da Dixcove da Axim, inda rairayin ya fi tsabta, jama'a kuma ba su da yawa, sai Nzulezo kusa da Beyin, ƙauyen da aka gina bisa turaku a kan tafki, wanda ake shiga da kwalekwale. Ruwan sama ya fi yawa a wannan kusurwa fiye da ko'ina a Ghana, kuma ƙananan hanyoyin da ke sauka daga N1 zuwa bakin ruwa suna lalacewa da damina.

Yawancin iyalai gabas suke yi, kimanin kilomita 145 zuwa Accra, ta Anomabo da Saltpond da Mankessim da mahaɗar Winneba. Tsakanin Cape Coast da Saltpond ne teku ya fi kusantar kwalta. Bayan Mankessim hanyar tana ja da baya ta shiga cikin ƙasa, sai an ratse kafin a ga ruwa. Kafin Accra akwai Kasoa, wanda sunansa kalmar kasuwa ce ta Hausa, tun lokacin da 'yan arewa suka kafa ciniki a wurin. Yau gari ne babba, kuma cunkoson motocinsa na iya cinye sa'o'i da safe da yamma. A Accra, Nima da Sabon Zongo da Madina gida ne ga Bahaushe, ga kuma babban masallacin ƙasa a Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Komawa Tamale ta N6 ne zuwa Kumasi, sannan N10.

Teku ba rafi ba ne

Yaron da ya iya iyo a dam ko kududdufi bai iya teku ba. Gaɓar Ghana tana da igiya mai jan mutum ciki daga ƙarƙashi ko da saman ruwan ya yi lif, kuma yawancin wuraren ba su da masu ceto. Ana yawan samun nutsewa a ranakun hutu, musamman lokacin Ista da Kirsimeti da bikin salla. Kada yaro ya wuce inda ruwa ke kai masa gwiwa, kada kuma babba ya juya masa baya. In masuntan wurin suka ce kada a shiga, to kada a shiga. Lambar neman agaji a Ghana ita ce 112.

Lokaci, takardu da abinci

Daga Nuwamba zuwa Maris hanya ta fi kyau, ko da yake hazon hunturu na rage ganin direba a arewa. Babbar daminar gaɓa tana tsananta a Mayu da Yuni. Masu son kallon biki suna iya nufar Bakatue a Elmina ranar Talatar farko ta Yuli, ko Fetu Afahye a Cape Coast ranar Asabar ta farko ta Satumba, amma masauki yana tsada a lokacin.

A Ghana ana tuƙi a hannun dama tun 1974, kamar Nijar da Najeriya. Dokar gudu kilomita 50 ce a cikin gari, 90 a babbar hanya, kuma shingayen 'yan sanda suna da yawa. Mai shigowa da mota daga waje yana buƙatar takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci, da inshorar ƙetare iyaka, da katin rigakafin shawara ga kowa da kowa. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, wato CEDEAO, a watan Janairun 2025, ya kamata 'yan waɗannan ƙasashe su tambayi ofishin jakadanci abin da ake nema kafin su tashi. Sefa ba ta ciniki a kasuwannin gaɓa, a canza zuwa sidi tun daga Paga ko Tamale.

Abinci ba zai zama baƙo ba. Koko da ƙosai, da shinkafa da wake wadda 'yan Ghana ke kira waakye, da tuwon zafi, duk ana samun su a kowane zango. Abin gaɓa shi ne dokunun Fante da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, a ci da soyayyen kifi da yajin shito. Matan Yamoransa sun yi suna a kansa, kuma yana jure kwanaki, shi ya sa matafiya ke sayensa tsaraba. Nama kuwa a bar shi sai an shiga zango, domin a wasu rumfunan bakin ruwa ana gasa naman alade.