Poon Lim

Poon Lim (8 ga Maris 1918 – 4 ga Janairu 1991) ma'aikacin jirgin ruwan kasuwanci ne ɗan ƙasar Sin, haifaffen tsibirin Hainan. Ya yi suna ne saboda kwana 133 da ya yi shi kaɗai a kan wani ƙaramin dandamalin katako na ceto a Tekun Atlantika lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Yana hidimar abinci a jirgin Birtaniya mai suna Benlomond lokacin da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-172, ya nutsar da shi ranar 23 ga Nuwamba 1942. Da guzurin da ya tarar a dandamalin ya ƙare, sai ya koma tarar ruwan sama da kamun kifi da tsuntsaye. Masunta 'yan Brazil ne suka cece shi ranar 5 ga Afrilu 1943.

Sarki George na Shida ya ba shi lambar yabo ta Daular Birtaniya. Daga baya ya ƙaura Amurka, ya ci gaba da aikin jirgin ruwa, ya yi aure ya zauna da iyalinsa a Brooklyn, inda ya rasu yana da shekara 72.