Alƙalin Da Ya Hau Gadon Sarauta

Garin Gummi yana yammacin ƙasar Zamfara, maƙwabcin Bukkuyum. A zamanin En'e, Sarkin Mafaran Gummi hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Sakkwato. A lokacin nan shari'a da sarauta tafiyarsu ɗaya. Alƙalai ma'aikatan En'e ne, manyan sarakuna kuwa suna da majalisarsu ta shari'a, inda suke sauraron ƙarar kisan kai da rigimar gona. Amma a 1968 Gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rufe kotunan sarakuna. Tun daga ran nan sarki ba ya ɗaure kowa, sai dai ya yi sulhu.

To, a garin nan ne aka sami wani ɗan gidan sarauta, Lawal Hassan Gummi, wanda ya bi hanyar ilmin shari'a. Ya yi ta ɗaukaka har ya zama Babban Alƙalin Babbar Kotun Birnin Tarayya, watau Abuja. Ya yi shekaru bisa kujerar nan, manya da ƙanana suna tsayuwa gabansa. A watan Mayu na 1999 aka koma mulkin farar hula, shari'un 'yan siyasa da na filaye suka yi yawa a Abuja, aikin kotun nan kuwa ya ƙara nauyi.

Sa'ad da gadon Gummi ya zama ba kowa a 2013, zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari, sai zaɓe ya faɗa kansa. Ba shi yiwuwa mutum ya riƙe rawani da kujerar alƙali gaba ɗaya, don haka a watan Mayu na shekaran nan ya ajiye aiki, ya koma gida. Mutumin da in ya yi magana a kotu sai ta zama hukunci, ga shi yanzu ba shi da gidan yari, ba shi da 'yan sanda. Makaminsa ke nan nasiha da girman rawani, a ƙasar da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka fara hana manoma zuwa gona.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Ibrahim Sulu Gambari ya bar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya zama Sarkin Ilori a 1995. Sidi Bage kuma ya bar Kotun Ƙoli ya zama Sarkin Lafiya a 2019.

A ƙasar Gana ma an yi alƙalin da ya shugabanci ƙasa ɗungum, sunansa Edward Akufo-Addo. A 1962 aka jefa wa Shugaba Nkrumah bam a Kulungugu, aka kama waɗansu manyan Gwamnati. Akufo-Addo yana cikin alƙalai uku da suka yi shari'ar a 1963. Da suka duba ba su ga shaida mai ƙarfi a kan mutum uku ba, suka sallame su. Nkrumah ya husata, ba a jima ba alƙalan suka rasa aikinsu. Bayan soja sun ture Nkrumah a 1966, aka naɗa Akufo-Addo Alƙalin Alƙalai, a 1970 kuma aka zaɓe shi Shugaban Ƙasa. Amma iko yana hannun Firayim Minista Busia, shi kuwa girma kaɗai gare shi. A watan Janairu na 1972 soja suka sake juyin mulki, ya sauka. Ya rasu a 1979.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Gana sun fi tunawa da ranar da ya ƙi karkata shari'a bisa ga kwanakin da ya yi a fada. Haka kuma talakan Gummi ba ya tambayar yawan littattafan da sarki ya karanta. Abin da ya dame shi, in ya kawo kuka, a saurari ɓangare biyu kafin a yi magana. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.